Ci-ranin da ba shi da damina

A Agege aka haife ni, kuma tun ina ƙarami na san shekara da cika da raguwar zaurukan unguwarmu. Da an gama girbi a Arewa sai baƙi su sauko, 'yan ci-rani, kowa da 'yar jakarsa da tabarmarsa. Wannan ya kama ga-ruwa, wancan shushaina, wani dako a kasuwa. Idan kuwa labari ya zo cewa hadari ya fara haɗuwa a gida, wajen Mayu zuwa Yuni, sai ka ga ana ɗaure kaya, ana sayen rediyo da atamfar uwargida, ana cigiyar motar komawa. Gona ta yi kira.

Wajen 2015 zuwa 2016 na fara lura da wasu da damina ba ta kwashe su. Yara ne kuma, yawancinsu ba su kai shekara 15 ba. Wata rana bayan La'asar na tsayar da ɗaya daga cikinsu, mai tura kurar ruwa a layinmu, na ce masa, "Kai yaro, 'yan'uwanka duk sun tafi noma, kai ba ka da niyya ne?" Ya sauke jarkar da ke hannunsa, ya ce, "Baba, ina zan koma?" Ashe daga Gwoza yake, can jihar Borno inda yaƙin Boko Haram ya watsa mutane. Na rasa abin cewa, shi ma bai ƙara ba, ya ɗauki jarkarsa ya shige gidan da aka kira shi.

Tun ranar nake jujjuya wannan tambaya tasa. Ɗan ci-rani na da yana da gida a bayansa, Ikko wurin nema ce kawai, komai daɗewa zai koma. Yaron da yaƙi ya koro kuwa gidan ne ya watse, kuma ɗan abin da ya rage na gidan, uwa da ƙanne, a wuyansa yake rataye. Idan zancensu ya taso a majalisa yabo ake yi, a ce ga ƙoƙari, ga amana, ga tausayin iyaye. Duk gaskiya ne, na gani da idona. Sai dai yabon kan hana mu tambayar yadda aka yi ɗan shekara 13 ya zama maigida, da abin da hakan ke ci a jikinsa, da rabonmu a ciki, mu da muka riga shi zama a garin nan.

Kanun labarin kowa ya san su. A Yulin 2009 rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, aka kashe shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, yana hannun 'yan sanda, wutar ta lafa kamar ta mutu, sannan ta dawo da ƙarfinta. A Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Shekarar 2014 ce ta ɗaiɗaita karkara: Buni Yadi a Fabrairu, 'yan matan Chibok 276 a Afrilu, Gwoza ta faɗa hannun maharan a Agusta, Bama a Satumba, Mubi a Oktoba, sai Baga a farkon Janairun 2015. Fiye da mutum miliyan 2 suka bar gidajensu. Amma lissafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021. Ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000, kuma kimanin 35,000 ne kawai a ciki makami ya kashe. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, mafi yawansu kuma yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa yaro ke kwana da yunwa a Legas don ya aika naira 3,000 gida. Shi bai karanta rahoto ba, ya dai ga yadda gudawar kwana biyu ke ɗauke ƙane idan babu kuɗin magani.

To me ya sa yaro, ina uban? Wannan yaƙi maza ya fi nema. Idan maharan suka shiga gari, magidanci da saurayi ko su bi ko a kashe su. Wanda ya tsere kuma sai ya tarar da zargi na jiransa, don duk namiji mai jini a jika da ya fito daga yankin da ke hannunsu abin tuhuma ne a shingen bincike, wasu an tafi da su ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce tana riƙe da sunayen 'yan Najeriya kusan 22,000 da danginsu ke nema, adadin da ya fi na kowace ƙasa a wurinta, fiye da rabinsu kuma yara ne a lokacin da suka ɓata. Akwai matan da har yau ba su san matsayinsu ba, takaba za su yi ko jira. A irin wannan gida, babban ɗa namiji, ko da muryarsa ba ta buɗe ba, shi ake kallo idan murhu ya kwana ba wuta.

Da akwai gona, da bai taso ba. Sojoji sun ƙwato Gwoza a Maris ɗin 2015, sun ƙwato wasu garuruwan ma, amma ƙwato gari daban, ƙwato daji daban. Garuruwa da yawa an zagaye su da rami, noma sai a ɗan filin da ke kusa, wanda ya yi nisa da fartanya ko gatarin itace ya sai da ransa. Manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a Nuwamban 2020, aka binne 43 rana guda, girbi kawai suka je. Makaranta ma haka. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce zuwa 2017 an kashe malamai fiye da 2,295, an rusa makarantu kusan 1,400. Sansani ya riƙe mutane na wasu shekaru da awon da ba ya kai ƙarshen wata, sannan daga 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin Maiduguri, har da na Bakassi inda mutanen Gwoza da yawa suka zauna. Wanda ya iya komawa ya koma, wanda bai iya ba ya kama ɗakin haya a gefen gari, mai ɗaki kuwa kuɗinsa yake so.

Hanyar zuwa ba ta da wuyar samu, don ita ce hanyar abincin da Legas ke ci. Kullum tireloli na gangarowa da shanu da raguna da albasa da tumatir da wake, zuwa Mile 12 da Oko-Oba da sauran kasuwanni. Yaro ya ba yaron mota ɗan abin da ya samu, ko ya yi alkawarin taya lodi, a ɗora shi a saman buhuna ko a kan katakon da ke bisa kawunan shanu. Sama da kilomita 1,500 ne daga Maiduguri, kwana biyu ko uku cikin rana da ruwa da sanyin dare. Guzurinsa lambar wayar wani ɗan garinsu ce a 'yar takarda. Ana fifita Legas a kan Kano ko Kaduna saboda ƙaramin aiki a nan ya fi kuɗi, kuma gari ne da ake sayen komai, har ruwan wanka, har ɗaukar kaya daga rumfa zuwa bakin mota.

A nan ne ya kamata mu dubi kanmu. Hausawan Legas ba jiya muka zo ba. Kakanninmu sun zauna Agege saboda goro da jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, kuma sun zo da tsari mai kyau na karɓar baƙo. Falke ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da tuwo, maigida ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan bashi ya shiga ko rigima ta taso, sannan ya karɓi la'adarsa. Sama da masu gida akwai Sarkin Hausawa, a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni. Tsarin ya yi aiki shekara da shekaru, amma don baƙo mai kaya aka gina shi, ko ɗan ci-rani mai ranar komawa. Yaron nan ba shi da huhun goro, ba shi da saniya, babu la'adar da za a ci a kansa. Saboda haka a hannun mai lambar wayar nan yake sauka, wanda sau da yawa shi ma ɗan shekara 18 ne, yana kwana a barandar masallaci ko a gaban shagon da yake gadi. Hausawa sun ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. To a nan uwar ɗakin ma marainiya ce.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne da yawansu ba Hausawa ba ne. Akwai Barebari, akwai Shuwa, akwai Margi, akwai mutanen duwatsun Gwoza masu harsuna barkatai, akwai mutanen Chibok, Musulmi da Kirista. Hausa ce ta haɗa su, wasu ma a kan hanya suka ƙarasa koyonta. Legas kuwa ba ruwanta, duk "aboki" ne, mu ma ba mu cika tambaya ba. Shi kansa yaron ya koyi ɓoye asalinsa. Idan an tambaye shi sai ya ce daga Kano yake, don ya san abin da ke zuwa ran mutane idan ya ce Bama ko Gwoza. Yana da hujjar jin tsoro. A Agustan 2019 jami'an tsaron jihar sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 da babura 48 daga Jigawa, aka tsare su aka bincike su, ba a same su da komai ba aka sake su. Idan 'yan Jigawa sun ga haka, ina ga ɗan Borno.

Aikin hawa-hawa ne. Wanda ya je Mile 12 kafin kiran assalatu zai ga ƙananan cikinsu suna tsintar tumatirin da ya zube wajen sauke kaya, suna ware albasa mai kyau daga ruɓaɓɓiya, suna bin matan da suka zo sari da faranti a ka ko da baro. Idan ƙashi ya ɗan yi ƙwari sai a shiga dako sosai, gammo a ka, kwando ko buhu daga tirela zuwa rumfa. Wasu su bi bola da buhu da ƙugiyar ƙarfe, har babbar bolar Olusosun da ke Ojota, su tara gwangwani da roba da tagulla a kai sikeli.

Ga-ruwa ita na fi sani, don ta ƙofar shagona ake wucewa da ita. Kura ɗaya tana ɗaukar jarka 10, wata 12, kowace jarka lita 25. Wato yaro na tura kilo 250 ko fiye a kan titin da ruwan sama ya cinye, idan ya isa gidan bene kuma ya kinkimi jarka bibbiyu ya hau da su. Kurar haya ce, kullum da kuɗinta. Ruwan saye yake yi wurin mai rijiyar burtsatse. Masu yankan tikiti na nan a hanya. Makon da wutar lantarki ta zauna, kowa ya cika tankinsa, ciniki ya mutu, amma kuɗin hayar kura bai san wannan ba. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne nasa, a ciki zai ci, ya biya gidan wanka, ya cire na gida. Na lura na gida ake fara cirewa, ciki ya samu abin da ya saura.

Ƙarshen burin kusan kowannensu babur ne. Okada sana'a ce da ake shiga ba takardar makaranta, ba Turanci ko Yarabanci sai sunayen unguwanni, kuma ta ninka dako samu. Amma dubi yadda ƙofar nan take ta rufewa a gabansu, gari bayan gari. Maiduguri ta hana babura a Yulin 2011 saboda masu harbi a kan babur. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Legas ta taƙaita su da dokar hanya ta 2012, ta tsananta a Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 ta hana gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa, a Satumba ta ƙara 4, har da Mushin inda Idi-Araba take da Kosofe inda Mile 12 take. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Gwamnati na da hujjarta, haɗari ya yi yawa, ɓata-gari na fakewa da sana'ar, kuma duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin ƙashi na Igbobi ba zai raina wannan hujja ba. Abin da ba a sa wa a lissafi shi ne da yawan baburan bashi ne, ana biya mako-mako. Babur ya tafi, bashi ya zauna, a wani ɗaki can Maiduguri ko Mubi kuma awo ya tsaya. Saurayin ya dawo baro, ya ture na ƙasa da shi daga baro zuwa bola. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zo ya tarar da su a haka, kuɗin mota da na mudu suka tashi tare.

Bari in koma kan yaron nan na Gwoza. A 2018 na ɗauke shi shagona na kayan masarufi. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci zai zauna a benci a bayan shago, ya zaro kuɗi daga cikin wata tsohuwar safa, ya warware su ɗaya bayan ɗaya ya daddanna a cinya, ya kasa: na awo, na magani, na malamin allon ƙanensa. Sai ya kai wa mai POS, shi kuma ya tura wa wani mai POS ɗin a Maiduguri, can mahaifiyar ta je ta karɓa, kowane ɓangare an yanki wani abu. Sannan ya kira ta. Da yarensu suke magana, ni dai kalmomin Hausar da ke faɗowa a ciki nake tsinta: dubu, asibiti, kati, lafiya lau. Wannan "lafiya lau" ita ta fi yawa. Na ji ya faɗe ta ranar da ƙafarsa ke kumbure da ciwon da ƙusa ta ji masa, ya faɗe ta makon da zazzaɓi ya hana shi cin abinci. Da na yi masa magana sai ya ce, "Baba, in na faɗa mata me za ta yi? Kuka kawai za ta yi. Ita ma ai ba ta faɗa mini nata." Ashe ya sani. Uwa na ɓoye masa cewa sun kwana biyu ba su ɗora tukunya ba, shi yana ɓoye mata cewa a kan kwali yake kwana, a barandar shagona.

Idan ana zancen jarunta, wata rana ta watan Disamba nake tunawa. Yaran unguwa na ta fasa banga, na juyo na neme shi na rasa. Ashe yana ƙarƙashin teburin awo, ya dunƙule, hannuwa a kunne, jiki na ɓari, saurayin da ke ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai. Can ya fito, ya karkaɗe wandonsa, ya ci gaba da ƙulla sukari. Bai kalle ni ba, ni ma na kawar da kai. Bai taɓa ba ni labarin ranar da aka shiga garinsu ba sai guntu-guntu, cikin shekaru: sun kwana a kan dutse, shi ya goya ƙanensa, mahaifinsu ya ce su yi gaba zai biyo su.

Jiki ma yana karɓar rabonsa. Ciwon baya da na ƙirji tun ba a tara gemu ba, ƙaba, tari, zazzaɓin sauro na mai kwana a waje. Ta nan tramol ke shigowa. Wani ne zai ce sha wannan ba za ka ji nauyin buhu ba, kuma da gaske ba zai ji ba, sai ranar da ya wayi gari ko bokiti ba ya iya ɗagawa sai da ita. Mu ƙarshen muke gani, mu ce yaro ya lalace.

'Yan mata ba a cika ganinsu a titin Legas ba, shi ya sa ko yabon ba ya kai musu. Da yawansu suna can tare da uwa, suna ɗebo ruwa, suna raino, suna ɗinkin hula da allura, irin hular Bama da muke sa wa ranar Sallah, wadda guda ɗaya kan ci makonni. Wasu an kawo su aikatau, har a gidajenmu mu Hausawa, albashin ya tafi wurin uwa ko ya maƙale a hannun wadda ta kawo su. Wata an aurar da ita da wuri don a rage hannu ɗaya a kwano. Ita ma gidan ta ɗauka a ka, nata dakon ne ba a gani.

Yabon gwani ya zama dole, amma ni yabo ya taɓa rufe mini ido. Shekara biyu yaron nan yana shagona, ko naira bai taɓa ɗauka ba. Na yi ta ba da labarinsa a majalisa, na yi ta yi wa 'ya'yana gori da shi: ga sa'anku yana riƙe da gida, ku ko kwanon da kuka ci ba kwa ɗaukewa. Wata Juma'a ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, don Allah duba mini, saƙon nan cewa ya yi kuɗin sun tafi?" Na duba, na ga abin da aka tura bai kai abin da ya bayar ba. Na bi tsofaffin saƙonnin, haka abin yake tun watanni. Wani mai POS ne ke cin rashin karatunsa, uwar kuma ta ɗauka iya abin da ya samu ke nan, ba ta son ta tambaya ta tayar masa da hankali. Lissafin kai babu wanda ya kai shi a shagon, amma jimla ɗaya ba ya iya haɗawa, yana aji 3 na firamare karatu ya tsaya. Ni da nake tura nawa makaranta kowace safiya ta gabansa, ban taɓa tambayarsa ba. Na ji kunyar Allah a ranar. Amanarsa ta amfane ni, haƙurinsa ya zo mini da arha, ni kuma na biya shi da kirari.

A takarda babu abin da aka rage. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, Legas ta yi tata a 2007. Akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. A 2023 an kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Amma shiga aji yana son babba ya kai yaro ya tsaya masa, yana son takardar haihuwar da ta ƙone tare da gida, darasi da Turanci ne da Yarabanci, kuma ɗan shekara 15 zai zauna benci ɗaya da 'yan shekara 8. Abin da ya fi duka nauyi shi ne duk awar da ya yi a aji awa ce da ba ta kawo ko sisi, uwa kuma na jiran Juma'a. Wanda ya ce a sa su makaranta bai faɗi wa zai biya hayar ɗakin Maiduguri ba, bai gama magana ba. Wanda ya ce a kwashe su a mayar gida kuma, sai ya fara amsa tambayar da yaron ya yi mini.

Legas ta taɓa ganin yaran yaƙi kafin waɗannan. Da aka gama yaƙin basasa a Janairun 1970, 'yan ƙabilar Ibo sun dawo hannu rabbana, da yawansu fam 20 kacal aka ba su a madadin ajiyarsu ta banki. Cikin abin da ya tashe su akwai tsarinsu na yaron shago. Yaro ya zauna da ubangida wasu shekaru da aka yanka tun farko, biyar ko shida ko bakwai, ya ci a gidan, ya kwana a gidan, ya koyi kasuwa, ranar da wa'adi ya cika a sallame shi da jari da sanin dangi. Wanda ya shiga Alaba ko Ladipo ko Idumota ya ga abin da wannan ya haifar. Tsarin na da nasa zalunci, akwai iyayen gidan da ke ƙago wa yaro laifi gab da sallama. Amma yana da wa'adi, yana da shaidu. Mu ma muna da ubangida da yaronsa, kuma a Mile 12 da Agege akwai masu rumfuna da tireloli da suka fara da gammo, wani Alhaji ya ja hannunsu. Sai dai namu a kan "Allah ya sa albarka" yake tafiya, ba ranar farawa ba ranar gamawa, mutum sai ya yi furfura yana yaron wani. Ɗan ci-rani bai damu ba, gonarsa ce sallamarsa. Wanda ba shi da gona kuwa, idan ba a yanka masa wa'adi ba, ƙuruciyarsa za ta ƙare a ciyar da gida, ya wayi gari ba sana'a ba karatu ba lafiyar baya, ga nasa iyalin sun iso.

Mun sha jin hadisin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna yatsunsa biyu, manuniya da ta tsakiya, ya ce shi da mai riƙon maraya kamar haka suke a Aljanna. Riƙo aka ce. Sadaka a ƙofar masallaci alheri ce, amma mai riƙo ya san inda yaron ke kwana, ya san ko ya iya karatu, ya san ranar da zai tsaya da ƙafarsa. Bayan abin POS ɗin nan na kira ɗan garinsu da ya karɓe shi tun farko, na kira limamin layinmu, muka zauna da yaron. Muka yanka shekara 4. Ya koma kwana a ɗakin zaurena, bayan Isha'i yana zuwa ajin manya na dare, kuɗin Juma'a ba a taɓa su ba, wani kaso kuma yana shiga adashi da sunansa. Na makara da shekara biyu, kuma babu abin da na yi da ya fi ƙarfin duk mai shago a unguwar nan.

A farkon 2024 aka sallame shi, ya kafa 'yar rumfarsa. A watan Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri, har da ɗakin da mahaifiyarsa ta kama bayan an rufe sansani. Rabin jarin ya tafi can. Ya ce a turo masa ƙanen, wanda ya goya a kan dutse. Da yaron ya iso, 'yan garinsu suka ce a nema masa baro tunda abu ya yi tsanani. Ya ƙi. Ya yi ta zirga-zirga har ya samo takardu, ya ɗinka masa kayan makaranta, ya kai shi da kansa. Ranar da aka ba da sakamakon zango na farko ya kawo takardar shagona, ya tsaya ya karanta mini ita da bakinsa, a hankali, yana bin layi da ɗan yatsa.

Makon jiya, bayan an tashi makaranta, na hango ƙanen a hawan layinmu. Ya cire rigar makaranta ya ninke ta a cikin jaka, ya dafa bayan kurar wani mai ga-ruwa yana taya shi turawa. Na kira shi na ce, "Yayanka ya san kana wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, don Allah kar ka faɗa masa. Na Inna nake tarawa." Ya zura hannu a aljihu ya nuna mini. A cikin safa suke.